TARIHIN WANKAN RUWAN ZAFI DA CIWON GWIWA, DAGA HANYAR ABZIN ZUWA GARURUWANMU



Da wuya ka shiga gida a ƙasar Tasawa da Mayahi ba ka tarar da tsoho ko tsohuwa mai kukan gwiwa ba. Wani sai ya dafa ƙasa kafin ya miƙe daga tabarma. Wata ta bar zuwa rijiya, ta bar daka, har salla ma a zaune take yin ta. Ga shi kuma sunan Tafadek ya yawaita a bakin mutane, watau ruwan zafin nan da ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa a Abzin, wanda aka ce mai ciwon gwiwa in ya yi wanka a ciki zai warke. Shi ya sa muka ga ya kamata mu bi tarihin wannan magani tun daga tushe: ta ina labarinsa ya iso mu, me wasu ƙasashe suka gani a kansa, kuma me ya dace mu yi da abin da aka sani yau.

1. CIWON KANSA

Ciwon da muke nufi shi ne wanda likita ke kira artaroz da Faransanci, mu kuma mukan ce sanyin ƙashi ko amosanin gaɓɓai. Duk wanda ya taɓa fiɗar akuya ya ga wani farin guringuntsi mai santsi bisa kan ƙashi, daidai wurin gaɓa. Shi ke hana ƙashi gogar ƙashi. Da shekaru da wahalar aiki yakan cinye sannu a hankali, kamar yadda igiyar guga ke cin itacen bakin rijiya. In ya cinye sai gwiwa ta riƙa ƙara, ta sandare da safe, ta yi zogi wajen tsuguno da tashi, wani lokaci ta tara ruwa.

Ba mu kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 528 ne ke da wannan ciwo a duniya, miliyan 365 daga cikinsu a gwiwa. Kashi 60 bisa 100 mata ne, kuma kashi 73 bisa 100 sun haura shekara 55. Abu ɗaya ya kamata mu riƙe tun daga nan: har yanzu ba a samu ƙwaya, ko allura, ko ruwa da ke sake toho da guringuntsin da ya cinye ba. Abin da ake iya yi shi ne rage zafi, da ƙarfafa ƙafa, da jinkirta lalacewa. Gwiwar da ta ƙare ƙwarai kuwa, aikin tiyata ne kawai ke sauya ta, a manyan asibitoci.

2. HANYAR DA TA KAWO LABARI

Tafadek tana da nisa da mu, amma Abzin tsohuwar abokiyar cinikinmu ce. A da, Tasawa zango ce ta ayari. Kowace shekara, bayan damina, Abzinawa kan tafi Fashi da Bilma su ɗauko gishiri, kantu da beza, da dabino, sa'an nan su gangaro kudu ta Damargu, su biyo Tasawa, su wuce Katsina da Kano. Da za su koma sai su yi lodin hatsi da tufafi. Irin wannan ayari ne Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya biyo daga Abzin har ya sauka Tasawa cikin Janairu 1851, kafin ya wuce Gazawa da Katsina ya isa Kano. Abzinawa da yawa suna da gidaje da gonaki a Damargu da ƙasar Tasawa. To, hanyar da ta kawo gishiri ita ke kawo labari.

Labarin kuwa ya tarar da ƙasa a jiƙe, domin kakanninmu sun riga sun yarda da abu biyu. Na farko, gishirin ƙasa magani ne. Kanwa na zo mana daga gabas, ƙasar Manga da Muniyo, ana sa ta a miya, ana haɗa ta da taba, ana jiƙa wa dabbobi, ana sha don ciwon ciki. Makiyaya kuma har gobe suna kai garkensu Ingal da Tegidda a ƙarshen damina su lashi ƙasa mai gishiri su sha ruwanta. Na biyu, zafi yana korar sanyi. A kan wannan aka gina wankan jego, da gashin gaɓa da tsumma, da sirace, da kwanciya kusa da wuta lokacin ɗari. Saboda haka da aka ce ga wani ruwa da Allah ya haɗa masa zafi da gishirin ƙasa wuri ɗaya, ba a sha wuyar gaskatawa ba.

Sai dai hanyar Abzin ta sha buɗewa da rufewa. A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ratsa ƙasarmu da wuta, kaburburansu suna nan Maijirgi. Da jirgin ƙasa ya iso Kano wajen 1912, ciniki ya juya kudu, gishirin Nasara ya shigo kasuwa, gyaɗa ta zama abin neman kuɗi. Daga Disamba 1916 zuwa Maris 1917 Kawusan ya tsare barikin Agadas, bayan an karya shi kuma Faransawa suka hukunta Abzin hukunci mai tsanani, aka ƙwace raƙuma, mutane da yawa suka gudo kudu. Farin 1973 da 1974 ya sake kashe raƙuma, kamyo ya soma karɓe aikin ayari.

Abin da ya sake buɗe hanya shi ne karfen uraniyom. An soma fitar da shi a Arlit a 1971, aka shimfiɗa gudron daga Tawa zuwa Agadas da Arlit wajen 1980, samarinmu suka riƙa tafiya cin rani arewa, wasu har Aljeriya da Libiya. Su ne suka dawo mana da labarin Tafadek sabo. Daga baya tawayen da ya soma a 1990 ya tsare hanyoyin Abzin har aka sa hannu bisa yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995. Na 2007 zuwa 2009 kuma ya zo da nakiyoyi da aka binne bisa hanya.

Abin lura a nan shi ne, cikin wannan dogon lokaci masu jin labarin Tafadek a garuruwanmu sun fi masu ganinta yawa nesa ba kusa ba. Maganin da ke nesa kuwa girma yake yi a hanya. Wanda ya je ya ce ya ji sauƙi. Kafin maganar ta kai kasuwar Mayahi ko ta Kanambakashe ta zama ya jefar da sanda.

3. RUWAN TAFADEK

Tafadek tana wajen kilomita 80 arewa da Agadas, cikin duwatsu, a ƙasar Cirozerin. Daga Tasawa, in aka bi ta Damagaram, Tanut da Adarbisinat, tafiyar ta haura kilomita 600. Mutane na zuwa daga sassan Nijar dabam-dabam don ciwon gaɓɓai da cututtukan fata, su kwana kwanaki suna shiga ruwan.

Me ke dafa shi? Ruwan sama ne da ke bin tsagogin dutse ya nutsa ƙasa ƙwarai. Ƙasa kuwa, duk mita 100 da aka ƙara zurfi, zafinta kan ƙaru da wajen digiri 3. A can ƙasa ruwan ke ɗaukar zafi, ya narkar da gishirin duwatsun da ya ratsa, kana ya samu wata tsaga ya taso. Abzin ƙasa ce ta tsofaffin duwatsu masu aman wuta, tsagogi sun yi yawa cikinta. Irin wannan ruwa akwai shi wurare da yawa: a Wikki cikin dajin Yankari na ƙasar Bauci, inda ɗuminsa ke wajen digiri 31, da Aljeriya, da Faransa.

Sauƙin da mai wanka ke ji gaskiya ne, kuma an san dalilansa. Zafi yana sake jijiya da tsoka, yana rage zogi. Ruwa kuma yana ɗauke nauyi: mutum in ya shiga ruwa zuwa ƙugu, ƙafafunsa wajen rabin nauyinsa kawai suke ɗauka, in ya kai ƙirji, wajen sulusi. Gwiwar da ba ta lanƙwasuwa a tudu sai ta motsa cikin ruwa. Ga kuma hutu: tsohuwar da ta yi sati biyu ba ta ɗauki tulu ba, ba ta duƙa a gona ba, dole gwiwarta ta lafa.

4. NASARA DA NASU RUWAN

Waɗanda suka mulke mu su ma mutanen wankan ruwan zafi ne. Garuruwan Vichy, Dax da Aix-les-Bains a Faransa an san ruwansu tun zamanin Rumawa. A 1847 aka buɗe asibitin soja a Vichy, inda ake kai sojan da suka dawo daga Aljeriya da ciwo. Kwamandoji da ma'aikatan da suka yi aiki a ƙasashenmu, in sun tafi hutu, da yawa can suke zuwa su wanke abin da suke kira ciwon hanta na ƙasashen zafi. Ita ce Vichy ɗin da muka karanta a lakwal, wadda gwamnatin Faransa ta zauna cikinta daga 1940 zuwa 1944. Tun 1947 asusun lafiya na Faransa ke biyan wani kashi na kuɗin wannan magani in likita ya rubuta shi, kuma ƙa'idarsa kwana 18 ce.

Da yake kuɗin jama'a ake kashewa, sai aka nemi a auna. A 2010 aka fitar da sakamakon wani babban gwaji da likita Romain Forestier da abokan aikinsa suka yi a Aix-les-Bains, Balaruc da Dax. An raba masu ciwon gwiwa kashi biyu. Duka an koya masu motsa ƙafa a gida, kowa ya ci gaba da maganin da ya saba. Kashi ɗaya aka ƙara masu kwana 18 na wanka, da tausa, da shafa taɓo mai ɗumi, da motsa jiki cikin ruwa. Bayan wata 6, cikin waɗanda suka yi wanka, 99 daga 195 sun samu sauƙin da ake iya gani; cikin waɗanda suka zauna gida, 68 daga 187.

Mu yi lissafi irin na aji. Masu wanka: wajen 51 bisa 100. Na gida: wajen 36 bisa 100. Wannan ya nuna mana abu uku. Wankan yana da amfani, tun da ya ƙara wajen mutum 14 ko 15 bisa 100. Rabin waɗanda suka je ba su samu wannan sauƙin ba, ko da yake da likitoci da masu tausa a kansu. Sa'an nan fiye da sulusin waɗanda ba su je ko'ina ba sun samu sauƙi suna gidajensu. A tuna kuma abin da aka auna a gwajin zafi ne da iya tafiya, ba dawowar guringuntsi ba. Kuma an haɗa wanka da tausa da hutu da motsi, ba gishirin ruwan kaɗai aka gwada ba.

5. WANKA DABAM, SHA DABAM

Akwai masu cewa tun da tafiya ta yi nisa, a aiko da ruwan cikin bido a sha, ko a jiƙa jar kanwa a riƙa sha, zai yi aikin wankan. A nan tarihin ƙasarmu yana da gargaɗi biyu.

Na farko daga Zariya. A shekarun 1970 likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, suka bi mata 224 da ciwon zuciya ya kama bayan haihuwa, da kumburi da haki. Suka ga cewa yawan kunun kanwa, da wankan ruwa mai tsananin zafi, da kwanciya bisa gadon ƙasa da aka hura wa wuta, suna cikin abubuwan da ke ƙara wa zuciya nauyi. Kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, tana ɗaga tansiyo. Tsofaffin da gwiwa ke damu kuwa, su ne dai tansiyo ya fi kamawa.

Na biyu daga Tibirin Gobir, nan kusa da Maradi. A 1985 aka soma ba garin ruwan wani foraj mai zurfi. Ruwa garau, ba wari, ba ɗanɗano. Ashe yana ɗauke da sinadarin fuluwor fiye da ninki uku na iyakar da OMS ta sa, watau miligiram 1,5 cikin lita. Shekaru aka yi ana sha kafin a gane. Haƙoran yara suka rine, ƙasusuwan ɗaruruwansu suka karkace, wasu ƙafafu suka gwame, wasu suka baƙe. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta FIDH ta fitar da rahoto a kai a 2002. Ruwa ne daga zurfin ƙasa, mai ɗauke da abin dutse, kuma ƙashi ya lalata. Darasin Tibiri shi ne, duk ruwan da ya fito daga zurfi sai an auna shi kafin a maishe shi na sha. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

6. ABIN DA YA RAGE GARE MU

An kawo shawara a ɗebi kuɗin asusun ƙungiya bayan kaka a yi hayar mota a kai tsofaffinmu Tafadek. Niyya ce mai kyau, ta masu tausayin iyaye. Wanda ke da hali, ko yana da ɗa a Agadas ko Arlit da zai sauke shi, likita kuma ya auna shi ya ce zuciyarsa za ta ɗauka, ya tafi, muna yi masa fatan sauƙi. Amma kada kowa ya sayar da san noma, ko ya buɗe rumbu, ko ya jinginar da gona don wannan tafiya. Ku lissafa kuɗin mota zuwa da dawowa, da guzuri, da na mai rakiya, ku auna da sauƙin ƴan watanni da wataƙila a samu, wataƙila ba a samu ba. Ku tuna kuma mai ciwon gwiwa zai yi kwana biyu a naɗe cikin mota, kuma sai an tambayi lafiyar hanya kafin a tashi.

Mu dubi abin da ke cin gwiwar tun farko. A tudun Mayahi da Urafan akwai rijiyoyin da suka haura gaba 20. Bido mai lita 20 kilo 20 ne, gwiwa kuma tana jin nauyinsa ninki-ninki a kowane taki: an auna cewa mai ƙiba in ya rage kilo 1, gwiwarsa na samun ragin wajen kilo 4 duk sa'ad da ya taka. Tun da OFEDES, wadda aka kafa a 1963, ta soma gina rijiyoyin siminti, kana famfo da injin niƙa da amalanke suka shigo, wahalar iyayenmu mata ta ragu. A ganinmu, famfon da bai mutu ba da injin da ke aiki sun fi mota ɗaya zuwa Abzin amfani ga gwiwoyin garin nan, domin na kowa ne, kuma na kullum ne.

Amfanin zafi kuwa, yawancinsa muna iya samunsa a gida:

a) A ɗumama ruwa, ko a ajiye bido cikin rana don tsimin itace. A gwada da gwiwar hannu. In ba ta jure ba, ya yi zafi. A gasa gwiwa da tsumma minti 15 zuwa 20, safe da maraice.

b) Tun ɗumin bai fita ba, a zauna a miƙe ƙafa, a ɗaga ta kaɗan, a ƙirga goma, a sauke. A yi sau goma kowace ƙafa. Tsokar cinya ita ce dogarin gwiwa. Kwanciya kullum ƙara sandarewa take yi. Tafiya kaɗan-kaɗan bisa ƙasa mai laushi ta fi.

c) Sanda a riƙe ta a hannun da ke ɗaya gefen, ba gefen ƙafa mai ciwo ba. A sama wa tsoho kujera mai tsawo maimakon tabarma. Jikoki su karɓi tulu da taɓarya.

d) Gwiwar da ta kumbura farat ɗaya, ta yi zafi, ga zazzaɓi, ba ta gashi ba ce, ba ta ƙaho ko sakiya ba ce. A kai ta gidan likita ran nan, domin tana iya zama ruɓa cikin gaɓa. Mai ciwon suga da ƙafarsa ba ta ji, kada ya sa ta cikin ruwan zafi, zai ƙone bai sani ba. Mai ciwon zuciya ko tansiyo, da mai ciki, kada su nutsa cikin ruwa mai tsananin zafi.

e) A yi hattara da ƙwayoyin masu talla a kasuwa. Diklofenak in an daɗe ana sha yana cin ciki da ƙoda. Tramol kama mutum yake yi ya kasa bari. Majo ne zai faɗi wanda ya dace da adadinsa.

Saboda haka ga abin da muke roƙon taro ya duba: a ware wani abu daga asusu don kai tsofaffi masu ciwon gwiwa asibitin Tasawa ko na Mayahi a auna su, a duba tansiyonsu, a roƙi majo ya zo rana ɗaya ya koya mana motsa ƙafa, maza dabam, mata dabam, a sa kafinta ya yi kujeru da sanduna ga marasa hali, saura kuma a bar shi don gyaran famfo. Kowa ya zo da nasa lissafin, a tattauna, abin da jama'a ta tsayar shi za a bi.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa mu gama da iyayenmu lafiya.